Maganin Feshi a Dutsen Abba: Wa Ke Auna Abin da Ke Shiga Jikin Mai Feshi?

Ranar wata Asabar cikin watan Satumbar bara, ana gab da kiran sallar La'asar, aka bugo mini waya daga Dutsen Abba cewa ɗan ƙanwata ya faɗi a gona. Saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, ya gama sakandare yana zaman jiran sakamako, kuma kamar yawancin tsararrakinsa a yankin, da damina yakan goya famfon feshi ya yi wa mutane ƙwadago. A ranar tun da hantsi yake yi wa waken wani maƙwabci feshi, da ya gama ya zarce gonarmu ta gado. Ni na sa shi aikin, ni kuma na aika da kuɗin maganin daga Tudun Wada, ban ko tambayi wane iri za a sayo ba.

Na iske shi kwance a zaure, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, yawu na dalala, amai ya ƙi tsayawa, yana cewa dishi-dishi yake gani. Kafin in iso an riga an ɗura masa madara da manja, an kuma kai shi wani kantin magani inda aka yi masa allurar zazzaɓin cizon sauro. Da muka kai shi asibiti cikin gari, likitan da ke bakin aiki ya haska idanunsa da tocila, ya ga baƙin idon ya tsuke kamar tsinin allura, sai ya juyo ya tambaye mu: "Ina kwalbar abin da ya fesa?" Muka yi tsuru-tsuru. Sai da aka tura yaro a babur ya koma gona, ya dawo da kwalabe uku, domin ashe haɗa su aka yi a tanki ɗaya, wai don maganin ya fi ƙarfi. Kwanansa uku a gadon asibiti, Allah ya sa da sauran shan ruwansa a gaba.

Bayan ya warware na zaunar da shi ina yi masa faɗa, sai ya ce mini: "Kawu, ai duk ranar da na yi feshi sai kaina ya yi ciwo, wani lokaci har da jiri. Kowa ma haka yake ji. Mun ɗauka rana ce." Wannan magana ta fi faɗuwar tasa tayar mini da hankali. Faɗuwa dai an gan ta, an kuma nemi maganinta. Ciwon kan da suke kwana da shi duk damina kuwa ba ya kai su asibiti. Na bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, cikinsu babu wanda aka taɓa ɗibar jininsa a auna ko aikin nan ya fara yi masa illa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Sunan da muka raɗa wa guba

Matsalar tana farawa ne tun daga bakinmu. Abin da likita yake bai wa mara lafiya magani ne. Abin da ake fesa wa ciyawa ta ƙone ƙurmus shi ma magani muke ce masa, haka na ƙwari, haka na ɓera. A kunnen Bahaushe kuwa magani abin neman sauƙi ne, kuma in kaɗan ya yi aiki to da yawa zai fi. Shi ya sa za ka ga takardar jikin kwalba ta faɗi ma'auni, amma mai gona ya ce a ƙara rabin gwangwanin madara don a huta. Shi ya sa ake ajiye kwalbar a ƙarƙashin gado, kusa da buhun hatsi, a ɗakin da yara ke kwana. Da a ce tun farko guba muka kira ta, da wuya a sami mai dama ta da hannu, ko mai sa baki ya hura bakin famfo idan ya toshe.

Ba kira nake a watsar da feshi ba, don na san zafin noma. Gayya ta yi ƙaranci, kuɗin 'yan ƙwadago ya wuce aljihun ƙaramin manomi, kuma aikin da fartanya za ta kwashe mako guda tana yi, mutum ɗaya da famfo zai gama shi a yini. Ga kuma ƙwarin da ba mu gada ba. A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Wake kuwa, duk wanda ya shuka shi ya san idan ba a yi masa feshi lokacin fure ba, harawa kawai za a kwasa. Manomin Dutsen Abba bai ɗauki famfo don sha'awa ba. Tambayar ita ce nawa ne kuɗin wannan sauƙi idan aka lissafa shi da lafiyar jiki, kuma wa ke biya.

Yadda masana ke auna haɗari

Masu nazarin guba sukan yi tambaya biyu. Ta farko, yaya ƙarfin gubar yake? Ta biyu, nawa ne ya shiga jikin mutum, ta wace hanya, kuma sau nawa? Haɗuwar amsoshin nan biyu ita ce haɗari. Guba mai tsanani da ke kulle a sito ba ta cutar da kowa, alhali mai sauƙi-sauƙi da ke jiƙa bayan mutum kullum tsawon wata uku tana iya kayar da shi.

Amsar tambaya ta farko tana jikin kwalba, ga wanda ya san inda zai duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan feshi aji-aji gwargwadon haɗarinsu, kuma akan nuna ajin da zanen launi a gindin takardar: ja ga mafi tsanani, ruwan ɗorawa ga matsakaici, shuɗi ga mai sauƙi, kore ga wanda ba a sa ran zai cutar idan an bi ƙa'ida. Wannan ilimi ne da ba ya buƙatar karatun boko. Amma da na tambayi ɗan ƙanwata ma'anar zanen da ke kwalaben da ya haɗa, ce mini ya yi ya zaci ado ne na kamfani.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya. Guba tana shiga jiki ta baki, ta numfashi, da ta fata, kuma ga mai feshi fata ce babbar ƙofa. Fatar ma ba ɗaya ba ce. Binciken da aka yi a Amurka a farkon shekarun 1970 ya nuna fatar goshi tana zuƙar wani nau'in maganin ƙwari kusan ninki huɗu na yadda fatar dantse ke zuƙa, ta al'aurar namiji kuwa fiye da ninki goma. To sai mai karatu ya tuna da saurayin da ke share gumin goshinsa da hannun da ya dama magani, ko ya tsuguna bayan gona ya kama ruwa ba tare da ya fara wanke hannu da sabulu ba. Zafi da gumi suna ƙara buɗe wa gubar hanya. Famfon da murfinsa ke yoyo yana mai da riga tamkar tsumman guba da aka ɗaura wa baya tun safe. Lokacin da ya fi kowane haɗari kuma shi ne na awo da damawa, domin a nan ne hannu ke taɓa maganin da tsantsar ƙarfinsa, kafin ruwa ya sirka shi.

Abin da ya kayar da yaronmu yana cikin dangin magungunan ƙwari da ake kira oganofosfet, wanda fiya-fiya da ake rubuta wa DDVP a jikin kwalba yana cikinsu. Yadda suke aiki a jikin ƙwaro haka suke yi a jikin ɗan Adam. Jijiya takan aika saƙo ga tsoka ko ga inda ake samar da yawu da gumi, sannan akwai wani sinadari mai suna kolinistares da ke katse saƙon da zarar ya isa. Gubar tana ɗaure wannan sinadari, sai saƙon ya yi ta tafiya ba tsayawa, kamar famfon ruwan da aka buɗe kan ya karye. Daga nan sai yawu, hawaye, gumi, amai, gudawa, rawar tsoka da tsukewar ido, in abin ya yi tsanani huhu ya cika da majina numfashi ya gagara.

Ga wurin da ya kamata masu ƙwadagon feshi su lura: jiki yana ɗaukar makonni kafin ya mayar da sinadarin da aka ɗaure. Wanda ya yi feshi yau, gobe, da jibi, kullum rage ajiyarsa yake yi, kuma ciwon kai da jiri su ne ƙararrawar farko. Saboda haka ba feshin ranar Asabar ɗin nan kaɗai ya kayar da ɗan ƙanwata ba. Damina ce ta taru ta kayar da shi.

Akwai kuma illar da ba ta kayarwa nan take. A shekarar 1977 aka gano ma'aikatan wata masana'antar maganin ƙwari a Jihar Kalifoniya ta Amurka sun rasa ƙarfin haihuwa saboda sinadarin DBCP. A 2012 Faransa ta amince da ciwon rawar jiki na Parkinson a matsayin cutar da aikin feshi kan iya jawo wa manomi, har a biya shi diyya. Tarayyar Turai ta daina amincewa da farakwat, maganin ƙone ciyawa, tun 2007. Guba ce da har yau ba ta da makari, kurɓi kaɗan na iya lalata huhu. A 2020 ta hana kulofirifos saboda fargabar illarsa ga ƙwaƙwalwar yara tun suna ciki. Ba kowane magani ne masana suka haɗu a kansa ba. Gilifoset, wanda ya fi kowane maganin ciyawa yaɗuwa a duniya, cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 mai yiwuwa yana haddasa cutar, amma Tarayyar Turai ta sabunta masa lasisi na shekara goma a 2023. Sai dai a tuna, duk wanda ya ce wani magani ba shi da haɗari, yana nufin idan an yi amfani da shi bisa ƙa'ida, da safar hannu, da takalmin roba, da ma'aunin da aka rubuta. Hukuncin da aka yanke don manomin da ke zaune cikin rufaffiyar tarakta bai shafi yaro mai silifas da singileti ba.

Gubar ba ta tsayawa a gona

Mai feshi shi ne na sahun gaba, amma akwai na bayansa. Matar da ke wanke kayan feshi a baho ɗaya da kayan jariri tana cikin lissafi. Haka yarinyar da aka aika ta tsinko tafasa ko lalo a gefen gonar da aka fesa jiya, da yaron da ya kai wa mahaifinsa fura gona ya zauna a inda iska ke kaɗo feshin, da akuyar da aka yanko wa ciyawar gefen kunya. Famfo da kwalabe kuwa sau da yawa a rafi ko a bakin rijiya ake ɗauraye su. A yankin da ake noman rani a gefen ruwa, kamar fadamun Kogin Galma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Atrazin da ake fesa wa gonar masara an daina amincewa da shi a Turai tun 2004, kuma babban dalili shi ne yadda yake tsiyaya ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Kwalbar da ta ƙare ma ba ta gama aiki ba. Na ga an mai da ita buta, na ga an zuba mata gishiri da man gyaɗa. A watan Yulin 2013, a wata makarantar firamare a Jihar Bihar ta Indiya, yara 23 suka mutu bayan cin abincin rana, domin man da aka yi girkin da shi an ajiye shi ne a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari.

Sai kuma abin da ke zuwa kwanon kowa, na ƙauye da na birni. Kowane magani yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Tumatirin da aka fesa da yamma aka tsinka da safe aka loda wa mota ya tsallake wannan ƙa'ida. Na wake ya fi muni, domin a rumbu da sito ake zuba masa guba kai tsaye don gudun ƙwaro. A shekarar 2008 ɗalibai mata fiye da 120 na wata sakandaren gwamnati a Doma ta Jihar Gombe aka garzaya da su asibiti bayan sun ci wake, kuma binciken Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ya gano lindan, sinadarin da ke cikin gamalin, a waken. A shekarar ce hukumar ta haramta magungunan gona guda 30. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen wakenmu, saboda an auna an sami DDVP daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka amince da ita 0.01 ce. Wato a wasu buhunan abin ya ninka iyakar sau 460. Turawa sun gano ne don sun auna. Waken da bai tsallaka teku ba, wanda muke yin ƙosai da alale da shi, daga sito ɗaya suka fito da wancan.

Doka tana nan, awo ne ya rage

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. A 2019, bayan yawaitar rahotannin matasa masu kashe kansu da shan maganin ƙwari, NAFDAC ta hana ƙananan kwalaben DDVP na gona, ta kuma hana sayar da shi a kantuna da kasuwannin gama-gari. A 2023 ta bayyana jadawalin janye farakwat, kulofirifos da atrazin daga ƙasar nan tsakanin 2024 da 2025. Irin wannan mataki yana ceton rai idan aka bi shi har ƙasa. Ƙasar Siri Lanka ta haramta magungunan gona mafi haɗari ɗaya bayan ɗaya, kuma masu bincike sun ƙiyasta hakan ya ceci rayuka kimanin 93,000 tsakanin 1995 da 2015. Amma doka takarda ce, kuma hanya ɗaya ta sanin ko ta isa ƙauye ita ce a duba abin da ke kan teburin ɗan kasuwa, da abin da ke cikin jinin mai feshi.

A nan ne nake ganin Zariya ba ta da uzuri. Dutsen Abba ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Zariya, kuma tafiyar da ba ta kai ta yini ba ce ta raba ta da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922. Da NAERLS, wadda aikinta shi ne isar da sakamakon bincike ga manoma. Da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa da ke Basawa. Garuruwan da suka tara irin waɗannan cibiyoyi wuri ɗaya ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Malamanmu sukan yi nazari su wallafa da Turanci, kuma hakan yana da amfaninsa. Abin da nake roƙo shi ne a mai da awo ya zama hidima ta yau da kullum, wadda sakamakonta zai koma hannun wanda aka auna. Abubuwa huɗu nake ganin za a iya farawa da su, kuma babu wanda ke buƙatar sabon gini.

Na farko, tambaya ɗaya a ƙananan asibitocinmu. Alamomin guba marar tsanani, wato ciwon kai, jiri, amai da kasala, sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro, kuma lokacinsu ɗaya, damina. Idan aka umarci ma'aikacin lafiya ya riƙa tambayar duk wanda ya zo da waɗannan alamu ko ya yi feshi cikin kwana biyun da suka wuce, ya rubuta amsar da sunan maganin a littafi na daban, to a ƙarshen damina ɗaya za a sami hoton farko na girman matsalar, da kuɗin biro da littafi kawai.

Na biyu, gwajin jini ga masu ƙwadagon feshi. A Kalifoniya tun 1974 doka ta wajabta auna kolinistares na ma'aikatan da ke yawan taɓa irin waɗannan magunguna: a auna kafin su fara aiki, a sake aunawa suna ciki, in an ga ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a jajayen ƙwayoyin jini, a ɗauke mutum daga aikin har ya farfaɗo. Yau akwai ƙaramar na'urar da ake ɗauka a hannu, ɗigon jini daga yatsa ya ishe ta. Ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna da ake turawa ƙauyuka neman ƙwarewa za su iya yin wannan a watan Mayu, su maimaita a Agusta ko Satumba. Da an yi wa ɗan ƙanwata irin wannan gwaji, da an tsayar da shi kafin ya faɗi.

Na uku, awon ruwan rijiyoyin da ke kusa da gonaki, da na wake da kayan miya a kasuwanninmu, lokaci-lokaci, a kuma faɗi sakamakon da Hausa a rediyo, ba tare da tozarta kowa ba.

Na huɗu, horar da masu feshi da dillalan magani, domin a yau dillali shi ne malamin gonar mafi yawan manoma. Akwai wata dabara da aka yi amfani da ita a Nikaraguwa da Ekwado wadda ta dace da mu: a zuba wani rini marar cutarwa a tanki, mutum ya yi feshinsa yadda ya saba, sannan a shiga da shi ɗaki mai duhu a haska shi da fitila ta musamman, sai duk inda ruwan ya taɓa ya yi ƙyalli, a hannu, a wuya, a baya, a leɓe. Gani ya kori ji. A haɗa da matsa wa kamfanoni su riƙa rubuta gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, da manyan baƙaƙe.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya jiran kowa. Hanya mafi inganci ta rage haɗari ita ce rage yawan feshin kansa. Ajiyar wake ba ta buƙatar guba ko kaɗan: buhun PICS mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da takwarorinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a 2007, ake kuma ƙera shi a Kano, yana kashe ƙwaro ne ta hanyar hana shi iska. Jarka ko duro mai tsabta da aka cika aka toshe gam yana yin irin wannan aiki. A gona kuma, a watan Disambar 2019 aka amince da irin wake SAMPEA 20-T na cibiyar Samaru, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake, kuma cibiyar ta ce yana rage feshi daga sau shida zuwa takwas ya koma sau biyu. Iri ne da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, kuma akwai masu ja a kan hakan, muhawarar da ta cancanci nata shafin. Amma duk mai auna ta, ya sa bayan yaron da ke goya famfo sau takwas a kan sikeli.

In kuwa feshi ya zama dole, ƙa'idojin ba su da yawa. A yi shi da sanyin safiya ko da yamma, iska na bayan mutum. A sa doguwar riga da wando, takalmin roba, safar hannu ta roba, da abin rufe hanci da ido. Kada a haɗa magunguna barkatai, kada a wuce ma'auni. Kada a ci goro, a sha taba ko fura, sai an wanke hannu da sabulu. A yi wanka da an dawo, a wanke kayan daban. A ɗauraye kwalba sau uku a juye ruwan cikin tanki, sannan a huda ta don kada wani ya ɗauka. A kulle sauran maganin nesa da ɗakin kwana da rumbu. Kada a bai wa ƙaramin yaro ko mace mai ciki ko mai shayarwa wannan aiki. Idan wani ya faɗi, a tuɓe masa jiƙaƙƙun kayan, a wanke jikinsa da sabulu da ruwa mai yawa, kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar. Dangin fiya-fiya suna da allurar da ke karya su, wato atirofin, wasu kuwa kulawarsu daban ce, kuma kwalbar ce ke gaya wa likita hanyar da zai bi.

Mu masu gona da ke zaune a birni muna aika kuɗi, laifinmu ya fi na kowa, kuma da kaina na fara. Mun san farashin kowace kwalba da na kowane tankin feshi, amma ba mu taɓa sa kuɗin safar hannu a lissafi ba. Bana na sayi takalmi, safa da tabarau kafin in sayi taki. Na kuma ba ɗan ƙanwata littafi ya riƙa rubuta ranar da ya yi feshi, sunan maganin, launin zanen kwalba, tanki nawa ya fesa, da yadda ya ji a jikinsa da dare. Abokansa sun sa masa suna ɗan sama jannati saboda shigar tasa, shi ma yakan yi mini ƙorafi: "Kawu, kayan nan akwai zafi." Na ce ya fita da asuba ya dawo kafin rana ta take. Yanzu biyu daga cikin masu yi masa dariyar sun fara aron takalmin.

Littafin nan yana nan, kuma shafukansa suna cika. Ina kira ga kansilan mazaɓar, da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, su tattara sunayen samarin da ke wannan sana'a kafin ruwan farko ya sauka, su kai wa Sashen Lafiya na Ƙaramar Hukumar Zariya da malaman Samaru da Shika, su nemi a zo a auna su. Ranar da aka zo, ɗan ƙanwata zai kasance na farko a layi, da littafinsa a hannu.